Wai har da ɗakin kare a rajistar kayan tarihi? Tambaya kan wani tsohon gida a Kent

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana tarihi da masu harkar gini ku matso kusa, akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Wata na biyar kenan da zuwana Ingila karatu, sai wani abokin karatuna Bature ya ce in zo mu fita in ga ƙauye, wai kullum daga ɗaki sai laburare kamar wanda aka yi wa kulle. Muka hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Sevenoaks, daga nan babansa ya ɗauke mu a mota, tafiyar ba ta fi mil shida ba amma hanyar siririya ce sai lanƙwasa take, in mota biyu suka haɗu dole ɗaya ta raɓe a jikin shinge. Sunan gidan Ightham Mote. Ni da na ga allon sai na karanta "Igitam", suka yi ta min dariya, ashe Aitam Mot ake cewa.

Wallahi ba za ka san da gida a wurin ba sai ka zo dab da shi, don a cikin wani kwari yake, itatuwa sun rufe shi. Kana gangarowa sai kawai ka gan shi zaune cikin ruwa. Ba wai a bakin ruwa ba fa, bangon daga cikin ruwan ya taso ta duk kusurwa huɗu, agwagi na iyo a gindin taga, sai ta kan gada ake shiga. Ƙasan dutse ne, saman kuma katako baƙi da farin shafe a tsakani, benen ya ɗan turo waje ya fi ƙasan faɗi kamar mai tumbi. Ka shiga ta wata hasumiya sai ga ka a tsakar gida, ɗakuna sun kewaye ka, aka ce sun haura 70. Ni dai sai na ji kamar na shiga gidan wani tsohon basarake a cikin gari, zaure ne kawai babu.

To a wannan tsakar gidan ne na ga abin da ya sa na buɗe wannan magana. Wani ɗan ɗaki ne a jikin bango, an yi shi da irin katakon gidan sak har da rufinsa, yaro zai shige ba tare da ya sunkuya ba. Na ce wannan fa? Wata tsohuwa mai yi wa baƙi bayani ta ce ɗakin kare ne, an gina shi wajen 1890 saboda wata ƙatuwar karya mai suna Dido, kuma shi ma yana cikin rajistar gine-gine ta daraja ta ɗaya, duk wanda ya rushe shi sai ya tsaya gaban alƙali. Na yi dariya na ɗauka wasa take, ta kalle ni ko murmushi babu.

Shi ne nake tambaya, wai mece ce wannan rajistar, kuma da gaske ne mutum da gidansa da kuɗinsa ba shi da ikon canza ko taga? Sannan shi wannan gida da suke kira "mana" (manor a Turance), fada ce ko gidan gona? Kuma ya aka yi ginin katako da yake jiƙe cikin ruwa ya kai kusan shekara 700 bai faɗi ba, alhali soron kakana ko shekara 80 bai kai ba damina ɗaya ta kwantar da shi?

Bakatsine:

Hhhh Ɗan Kurna kai ma dai. An tura ka karatu ka tafi ziyarar ɗakin kare. Ni abin da ya dame ni sauro, mutum ya gina gida a tsakiyar kududdufi da gangan? Da a Ƙofar Marusa ne da kwana uku sun isa a kwashe mutanen gidan zuwa asibiti. Bari mu jira Malam Na-Soro ya zo, wannan fagensa ne.

Malam Na-Soro:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi sa'a, don gidan da aka kai ka ya fi manyan fadojin da 'yan yawon buɗe ido ke rububi koyar da mutum. Na je shi sau biyu lokacin da nake can.

Bari in fara da sunan. Mana asalinta ba gini ba ce, ƙasa ce. A tsarin Ingila na da, an yanka ƙasar noma gunduma-gunduma, kowace da ubangidanta, manoma na zaune a kai suna biyansa da aiki ko da amfanin gona ko da kuɗi, yana kuma da 'yar kotunsa ta sasanta rikicin iyaka da na dabbar da ta shiga gonar wani. Gidan da wannan ubangida yake zaune shi ne gidan mana. In kana son ka kwatanta, ka ɗauki mai babban gandu wanda kuma yake da ɗan iko irin na dagaci. Ba sarki ba ne, ba ma hakimi babba ba. Shi ya sa ka ga gidan bai kai fada ba amma ya wuce gidan manomi nesa ba kusa ba. Shi kuma Mot ɗin, wasu sun ce daga ramin ruwan ne, wasu sun ce daga tsohuwar kalmar wurin taron shawara.

Sashen da ya fi tsufa shi ne babban falon nan mai dogon rufi, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai daurin dutse, da tsohon ɗakin ibada. An auna shekarun katakon rufin ta hanyar ƙirga zoben da ke cikin itacen, ya nuna wajen 1340. Don ka gane nisan, a lokacin Sarki Yaji bai hau gadon Kano ba tukuna, kuma bai fi shekara goma sha shida ba da hajjin Mansa Musa na 1324. Ko shekara goma ba a yi da ɗora rufin ba annobar nan da ta kashe jama'ar Turai ta shigo Ingila a 1348. Mutum na farko da aka tabbatar ya mallaki gidan wani jarumi ne, Thomas Cawne, wajen 1360, kabarinsa na nan a cocin ƙauyen Ightham da siffarsa ta dutse a kwance a kai cikin sulke.

A wancan zamanin wannan falo shi ne komai. Nan ake cin abinci, nan ake shari'a, nan barori ke kwana, wuta a tsakiyar ɗaki hayaƙi na neman hanya ta saman rufi. Maigida da iyalinsa kaɗai ke da ɗakin keɓewa a sama. In ka koma ka ɗaga kai ka duba inda bakan rufin ya sauka a bango, za ka ga an sassaƙa wasu mutane ƙanana sun takure kamar su ne ke ɗauke da nauyin rufin a kafaɗa, fuska a yamutse. Magina na da ma suna da barkwanci.

Daga nan kowane maigida sai ya ƙara nasa. Dangin Haute su suka rufe sauran ɓangarorin a ƙarni na 15 har gidan ya zama murabba'i da tsakar gida, hasumiyar ƙofar da ka shiga ta ciki ta kusan zamanin Muhammadu Rumfa ce. A 1521 wani bafade mai suna Richard Clement ya saye shi, kuma shi ne ya fi ba ni dariya. Mutumin nan so yake a san shi na Sarki Henry na takwas ne, sai ya bi gidan yana liƙa tambarin sarauta, furen wardi na gidan sarki da rumman na matar sarki Catherine 'yar Sifaniya, a gilashin tagar falo, a katakon tsakar gida, har ya sa aka zane rufin wani ɗaki na sama da su kaf. Ba a jima ba sarki ya rabu da Catherine a 1533 ya auri Anne Boleyn, wadda gidan iyayenta Hever ba shi da nisa daga nan. Ga rumman cike da gida. Bayan shekara uku da sarki ya juya wa ita Anne ɗin baya, sai ga Clement cikin mutanen Kent da aka zaunar kan tuhumarta. Bafade dai ko'ina bafade ne, inda iska ta kaɗa nan yake.

A 1591 gidan ya koma hannun dangin Selby, suka riƙe shi har 1889, kusan shekara 300. Su suka yi falon sama mai ƙaton murhu na sassaƙa, daga baya aka manna masa takardar bango ta Sin wadda da hannu aka zana tsuntsaye da furannin da ke jiki.

To amsar tambayarka ta ƙarshe a wajena tana nan. Gidan ya tsira ne don masu shi ba su taɓa yin kuɗin da ya isa su rushe shi ba. A ƙarni na 18 duk wanda ya samu dukiya a Ingila abu na farko shi ne ya baje tsohon gidan kakansa ya kafa sabo mai ginshiƙai irin na Rum a kan tudu inda kowa zai gani. Su Selby masu rufin asiri ne kawai, in sun samu 'yan kuɗi su fasa taga ɗaya su sa ta zamani, su ƙara murhu, shikenan. Ga shi kuma a ɓoye cikin kwari, ba kan hanyar kowa ba. Har akwai labarin da ake bayarwa wai sojojin Cromwell, jagoran masu yaƙar sarki, sun zo nemansa lokacin yaƙin basasar Ingila suka ɓata a daji suka wawashe wani gidan daban, amma wannan hira ce ta bakin murhu, kar ka rubuta ta a jarrabawa.

Uwar Biyu:

Sannu Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙanena bari ni kuma in ba ka ta ɓangaren doka, don ni a jikina na ji ta ba a littafi ba. Shekara tara ina zaune a arewacin Ingila kuma gidan hayar da muka fara zama yana cikin rajistar, daraja ta biyu, ba wani gidan a zo a gani ba ne, tsohon gidan masaƙa ne a jere da 'yan uwansa. Tagoginsa na katako ne masu gilashi falle ɗaya, in hunturu ya zo iska har labule take ɗagawa, 'yan biyuna suna jarirai a lokacin, na yi ta yi wa mai gidan magiya ya sa mana tagar roba mai gilashi biyu irin ta kowa, ya ce Hajiya ba ƙi na yi ba, na nema an hana ni. Ƙarshe sai wani gilashin aka ƙara ta ciki aka bar ta wajen yadda take. Tsumma na dinga cusawa a ƙasan ƙofa kamar muna Jos.

Yadda abin yake, darajar uku ce. Ta ɗaya ita ce ta gine-ginen da babu kamarsu, ba su fi kashi biyu da rabi cikin ɗari ba. Sai ta biyu mai tauraro, kusan kashi shida. Sauran duk, sama da kashi 90, ta biyu ce zalla irin tawa. Gaba ɗaya a Ingila sun doshi 400,000, kuma ba gidaje kaɗai ba, akwai gadoji, akwai kaburbura, har da jan akwatunan tarho na bakin titi. Hukumar Historic England ce ke riƙe da rajistar. An faro abin ne bayan yaƙin duniya na biyu da bama-bamai suka cinye tsofaffin unguwanni, da dokar 1947, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1990 ce. Duk ginin da aka yi kafin 1700 in dai yana nan da kamanninsa to kusan kai tsaye yake shiga, na 1700 zuwa 1850 ma galibinsu, wanda bai kai shekara 30 ba kuwa da wuya a kalle shi.

Gidan naka ne, za ka iya sayarwa, ka ba da haya, ka bar wa 'ya'yanka gado, ba wanda zai tilasta ka buɗe wa baƙi. Abin da ba ka da iko shi ne ka rushe ko ka canza abin da ya shafi kamanninsa, ciki da waje, sai ka rubuta wa ƙaramar hukuma ta ba ka izini. In ka yi gaban kanka laifi ne na kotu ba na tara kawai ba, yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, tarar kuma ba ta da iyaka, sannan a sa ka mayar da shi yadda yake da kuɗinka. Har birkilan da ya yi aikin ba ya tsira. In kuma ka ce to na bar shi ya ruɓe da kansa, suna da ikon su aiko maka da takardar gyara, in ka ƙi a ƙarshe a saye shi daga hannunka dole.

Maganar kare kuwa ba wai sun zauna sun ce karen nan ya cancanci girma ba ne. Rajistar tana rufe ginin da duk abin da ke manne da shi, da abin da ke cikin harabarsa tun kafin Yulin 1948. Ɗakin Dido na tsakar gida, to inuwar gidan ta rufe shi. Su kuma masu kula da wurin sun ga abin na jawo baƙi sai suka riƙe shi abin talla, ga shi kai ma ya kawo ka nan.

Abin da ke ba ni haushi dai shi ne doka ta ɗora maka nauyi amma kuɗin gyara daga aljihunka, tallafi sai wanda ya yi sa'a.

Ɗan Kurna:

Ikon Allah. Na gode Yaya, na gode Malam. Ashe ni ne ban fahimta ba, na ɗauka gwamnati ce ta ƙwace gidan. To amma har yanzu maganar ruwan nan, ya katako ke zama a kan ruwa?

Magini Bazazzagi:

Ɗan uwa wannan tawa ce, shekara 22 ina harkar gini. Ban taɓa zuwa ba amma mun karanta irinsa kuma na ga zanensa. Ka sake duba hotunan da ka ɗauka, katakon bai taɓa ruwa ba. Abin da ke cikin ruwan dutse ne, wani dutse mai tauri da ake haƙowa nan Kent, shi aka tayar har ya wuce ruwa sosai sannan aka ɗora katako a kai. Kuma Bakatsine, ruwan ba kwantacce ba ne irin na kududdufi, ƙorama ce ke shigowa ta tafkin da ke sama ta zagaya gidan ta fice ta ƙasa. Irin gwalalon da ake haƙawa a bayan ganuwa ne, sai dai nasu bai kai na yaƙi ba, na hana ɓarawo ne da nuna isa, ga kifi kuma a ƙofar kicin. A jikin hasumiyar ƙofar ma akwai wata 'yar tsaga a bango da mai gadi ke karɓar takarda ko ya yi magana da baƙo ba tare da ya buɗe ƙofa ba.

Katakon na itacen oak ne, shi ne giginyarsu in ka ga dama, yadda mu muke ji da azara. Ɗanye ake sassaƙa shi don ya fi laushi, a fafe rami a wannan a fiƙe bakin wancan a zura, a soke da turken katako, babu ƙusa. Yana bushewa yana ƙara tauri yana kuma murɗewa, shi ya sa ka ga ba layi ɗaya miƙaƙƙe a gidan, daɓen bene ma sai ka ji kamar kana gangara. Tsakanin katakon kuma sai a yi saƙar tsumagu a yaɓe da laka ko da farar ƙasa. Tumbin da ka gani benen ya turo, dabara ce, yana ƙara faɗin ɗakin sama, yana kuma kare bangon ƙasa daga ruwan sama kamar yadda indararo ke jefa ruwa nesa da gindin soro.

Sirrin duka shi ne ginin yana numfashi. Farar ƙasa tana shan laima ta kuma sake ta. Ranar da ka kawo siminti ka shafe irin wannan bango ka kashe shi, ruwa zai shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita ya zauna yana cin katako a ɓoye. Wannan kuwa mun san shi a gida, sau nawa aka kira ni gidan ƙasa da aka yi wa filasta da siminti wai an gyara, bayan damina uku sai filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya kamar ɓawon rogo ka tarar da tubalin ciki ya zama kunu. Iyayenmu da makuba da laso suke yi kuma duk shekara ana yaɓe kafin ruwa ya sauka. Soron kakanka ba tsufa ne ya kayar da shi ba, ina kyautata zaton an daina yaɓe ne ko indararo ya toshe ba wanda ya hau.

Kuma kar ka ɗauka shi wancan ɗin bai kusa faɗuwa ba. Lokacin da National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, ta karɓe shi an tarar wani ƙwaro mai huda katako, garar ƙasarsu kenan, ya cinye cikin manyan ginshiƙai, ga laima ga ruɓa. Daga 1989 aka fara aiki ba a gama ba sai 2004, shekara 15, kuɗin ya kai wajen fam miliyan 10. Kwance gidan aka dinga yi sashe-sashe, a sa wa kowane katako da dutse lamba, a yanke inda ya ruɓe kaɗai a ɗinke da sabon oak, a mayar da shi gurbinsa. Abin da ya fi burge ni shawarar da suka yanke, ba su ce bari mu mayar da shi yadda yake a 1340 ba, don da sun yi haka da sai sun zubar da aikin mutum goma. Suka tsaya a kan yadda suka same shi a 1985. Shi ya sa ɗakin karen 1890 da rumman ɗin Clement da takardar bangon Sin duk suke zaune tare.

Bakatsine:

To ni dai ku yi haƙuri zan zama ɗan adawa. Fam miliyan 10 a kan gidan da ba mai kwana ciki? Kuma Hajiya da jarirai suna rawar sanyi saboda wani jami'i na son ganin tsohuwar taga in ya wuce a mota? Mu gidanmu na gado da muka rushe muka yi na bulo, mutum 14 ke kwana a ciki yanzu ba mai tsoron damina. Da akwai irin wannan doka da har yau muna tara kwanoni a tsakar ɗaki. Mai ƙoshi ne ke kiran tsohon bango tarihi.

Uwar Biyu:

Wallahi Bakatsine a wancan hunturun da na ga wannan rubutun naka da na sa hannu. Amma kuɗin ba na gwamnati ba ne kai tsaye, National Trust ƙungiya ce mai zaman kanta tun 1895, da kuɗin mambobi da na tikiti da wasiyyar mutane da gudummawa take tafiya. Ni kaina yanzu ina da katinsu, in yara sun ishe ni ranar hutu can nake kwasarsu su yi ta gudu a lambu. Ban dai yafe maganar tagar ba.

Malam Na-Soro:

Bakatsine maganarka ba ta faɗi ƙasa ba, kuma su ma Turawan sun yi irin wannan lissafin, har sun kusa aikata shi a kan wannan gida. Bari in ƙarasa labarin don na tsaya a 1889.

Kafin Selby su sayar, sun ba wani Ba'amurke haya a 1887, Janar Palmer, mai harkar jirgin ƙasa wanda ya kafa garin Colorado Springs. Sannan Thomas Colyer-Fergusson ya saya, shi ya sa banɗakuna da bututun ɗumama ɗaki, ya yi ɗakin wasan biliyad, a farkon zamaninsa ne kuma aka yi ɗakin karen. Mutumin ya ga jarrabawa. Ɗansa Riversdale ya mutu a fagen yaƙi a Beljiyam a 1917 yana da shekara 21, aka ba shi lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya bayan ransa. Wani ɗan nasa kuma bam ya kashe shi a 1940. Da tsohon ya rasu a 1951 sai gida ya faɗa kan jika, ga harajin gado wanda a lokacin kan manyan dukiyoyi yana kaiwa kashi 80 cikin ɗari, ga rufi na yoyo, ga barori babu, kowa ya tafi masana'anta. Ya sa gidan da kayan ciki a gwanjo. A shekarun nan haka aka yi ta rushe irin waɗannan gidaje a Ingila, a 1955 kusan duk kwana biyar sai an baje ɗaya. Shi ma shawarar da aka kawo ita ce a kwashe dalmar rufin a rushe, ko a yanka shi gida-gida a zuba 'yan haya. Wasu mutum uku na yankin ne suka haɗa kuɗi fam 5,500 suka saye shi don kawai su riƙe kafin a samu mai so.

Mai son ya fito daga Portland ta jihar Maine a Amurka, Charles Henry Robinson, ɗan kasuwa, tuzuru, wanda ya taɓa ganin gidan yana saurayi yana yawo a kan keke abin ya zauna masa a zuciya. A 1953 ya ga tallarsa, ya zo ya yi tayi. A hanyar komawa cikin jirgin ruwa sai hankalinsa ya dawo, ya ce me zan yi da tsohon gida mai yoyo a wata ƙasa, ya zauna ya rubuta wasiƙar janyewa. Bai aika ba. Wasiƙar tana nan an ajiye a gidan. Saboda dokar haraji makonni 14 kacal yake iya zama a shekara, amma ya yi ta gyara da kuɗinsa, ya rasu a 1985 ya bar wa National Trust, tokar gawarsa ma a nan aka binne kusa da ɗakin ƙarƙashin ƙasan.

Ka ga kenan rajista ita kaɗai ba ta toshe yoyo. Takarda tana hana ka rushewa ne, amma sai an samu wanda zai hau rufin.

Ɗan Kurna:

Kai Malam, wallahi na wuce ta laburaren nan na ƙasa mai kujeru irin na zamani na ce wannan ɗakin bai yi kama da sauran ba na fice da sauri, ashe ɗakin Ba'amurken ne. Mutanen da ke ɗauke da rufi ma ban ɗaga kai na gan su ba, hankalina na kan kare. Na yi wa abokin nawa magana ya ce sai bazara in furanni sun fito za mu koma, wai a haɗa da wani katafaren gida, Knole, da ke cikin Sevenoaks in ga bambancin gidan mai rufin asiri da na mai kuɗin gaske. Magini, na tura wa babana abin da ka rubuta kan siminti, don akwai sauran shigifa ɗaya da ta rage a gidan kakan namu kuma ƙanin babana ya riga ya sayo buhu shida. Ya ce in tambaye ka a ina ake samun masu aikin makuba yanzu, kuma nawa suke karɓa.